Ragon Alhaji Mudi a Ƙofa ta Goma

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, duk da Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta da ita. Ita ce ranar da aka zaunar da ni a gaban dattawan layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, ana tambayata cikin ladabi da lalama inda na kai ragon mutane.

Bari in faro daga farko, kada ku ma ku yanke mini hukunci tun ban buɗe baki ba.

Ni malamin makaranta ne, ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Tarauni. Amma da a wancan lokacin ka tambaye ni ko ni wane ne, gyara zaman hula zan yi in ce maka marubucin waƙoƙi (koyarwar dai don a riƙa ɗora tukunya ne). Shekara biyu na yi ina rubuta wasu waƙoƙin almara a jere, a kan wani tela mai suna Tanko. Allurarsa ce ta faɗa rijiya, ya bi ta, ya tsinci kansa a wani birni na ƙarƙashin ƙasa inda ake shanya inuwar mutane a kan igiya kamar wanki. Birnin yana da ƙofa goma sha biyu, sai Tanko ya wuce su duka kafin ya koma gida, kowace ƙofa kuma waƙa guda ce. Shi Tankon ne yake ba da labarin da bakinsa: na shiga, na gani, na ruga.

Ina zuba waƙoƙin a wani guruf da na buɗe a waya. Yawancin mutanen ciki 'yan uwana ne da tsofaffin abokan karatu, waɗanda na kwaso na zuba ban tambaye su ba, su kuma kunya ta hana su fita.

Ƙofa tara na wuce lafiya lau. A ta goma na maƙale. Wata huɗu cur Tanko yana tsaye a gaban wata ƙofar ƙarfe, mai gadinta wani dodo ne mai ido ɗaya a tafin hannu, ni kuma na rasa abin da za a ba shi ya buɗe. In na zauna da biro sai in ta zana akwatuna a gefen takarda. Har matata Binta ta fara tausaya wa mutumin. Takan leƙo ta ce, "Malam, har yanzu bawan Allahn nan yana tsaye? Ai ƙafafunsa sun kumbura."

Sai wata dabara ta faɗo mini. Na rubuta sanarwa na saka a guruf: "Ya ku masu karatu masu albarka, saura ƙofa uku a kammala. Duk mai son hannunsa ya shiga cikin wannan gagarumin aiki, ya aiko mini da abin da yake so ya gani a waƙa ta gaba, dabba ce, ko wani abu, ko wani al'amari. A turo kai tsaye ta wannan lamba. Wanda aka zaɓi nasa za a ambaci sunansa." (Na ce "aka zaɓi" kamar akwai wani kwamiti da zai zauna.) Na ƙara da roƙon a yaɗa ko'ina, don na tabbata akwai masoya a nesa da ban san su ba.

Na ajiye waya na harɗe hannu ina jiran ruwan saƙonni.

Ranar farko wani abokina ya turo hoton babban yatsa. Rana ta biyu ya rubuta, "Allah ƙara basira." Rana ta uku matar ƙanina ta saka tallar atamfa da mayafai a ƙarƙashin sanarwar. Rana ta biyar ƙanwata ta kira ni, na ɗauka da rawar jiki, ta ce, "Yaya, dama har yanzu ba a gama abin nan ba?"

Mako biyu a haka. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in duba in ga kamfanin layi ne yake mini tallar data.

A nan ya kamata in ce, a lokacin watanmu uku kacal da tarewa a layin. Na san fuskokin mutane a masallaci, ana gaisawa, amma ba ni da lambar kowa. Su kuwa suna da tawa, don da za a yashe kwatar layi an zagaya da takarda kowane magidanci ya rubuta lambarsa. Ni na ma manta da wannan takarda.

Ranar Larabar, wajen ƙarfe goma saura, ina ofishin malamai ina shan shayi, sai ga saƙo daga baƙuwar lamba:

"Salamu alaikum Malam. Farin rago mai baƙin kunne ɗaya, ƙahonsa na hagu a karye, da jar igiya a wuya. Ya fita da asuba, ba wanda ya ga fitarsa."

Jama'a, sai da tsikar jikina ta tashi. Na karanta sau uku. Farin rago, baƙin kunne, karyayyen ƙaho, kuma ba wanda ya ga fitarsa! Na ce a raina wannan ba ƙaramin mai karatu ba ne, wannan ya san adabi. Har na hasko shi: wani malamin jami'a mai farin gemu, yana zaune a ofishinsa yana bibiyar waƙoƙina a ɓoye.

A ƙarƙashin rubutun akwai saƙon murya na minti biyu da 'yan kai. Ban buɗe ba. Ofishin a cike yake, kuma na ƙudurta cewa yabo ne, gara in adana shi sai na koma gida in saurara a nutse, in ma kira Binta ta ji da kunnenta.

Nan take na mayar da amsa: "Wa alaikumus salam. Madalla da wannan rago! Ka kwantar da hankalinka, yana hannuna. Kafin azahar za ka ga abin da na yi da shi."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa: "Alhamdulillahi! Allah ya saka da alheri, ya raba ka da iyayenka lafiya. Ina jira."

Kun ji fa. Wane marubuci ne zai ga irin wannan addu'a kansa bai kumbura ba?

Ina da awa biyu da ba ni da darasi, sai na janye kujera can ƙurya na duƙufa. Abin da ya gagare ni wata huɗu, cikin awa biyu ya zubo kamar an ɓalle famfo. Dodon ƙofa ta goma hanta yake so, ƙahon ragon kuma shi ne mabuɗin ƙofar. Ragon na Sarkin birnin ne, don haka dole Tanko ya sace shi. Baiti ashirin da ɗaya na yi, amma waɗanda suka jawo mini magana su ne waɗannan:

Tun kafin ladan ya farka na kwance shi,
Fari mai baƙin kunne, ta lungu na ja shi,
Mai shi yana barci, ban tsaya tambayar shi,
Na kai shi bayan gari, a can na yanka shi.
Hanta na ba mai gadi, ƙahon na riƙe shi,
Buzun kuwa ƙarƙashin gado na tura shi.

Na saka a guruf. Sannan don karramawa na kwafi waɗannan layuka shida kaɗai, su da nake ganin sun fi daɗi, na tura wa baƙuwar lambar, na rubuta a ƙasa: "Ga yadda aka yi da ragonka. A turo cikakken suna."

Daga nan na sa waya a shiru na jefa a jaka, na shiga aji tsaron gwaji. Da aka tashi na duba, kira goma sha bakwai, duk daga lamba ɗaya. Na yi murmushi na ce waƙa ta ratsa dattijo. Ban kira ba, wai kada a ga zumuɗina. Marubuci ai da ɗan jan aji.

Na hau babur ɗina na koma gida ina 'yar waƙa. Tun daga bakin layi na ga ana kallona, na ɗauka ko labarin baiwata ne ya fara zagayawa. Ina shiga gida ƙamshin suya ya tare ni. Yayar Binta da ke Unguwa Uku ta yi walima, ta aiko mana da cinyar rago guda, Binta ta zauna a tsakar gida tana soyawa.

Ta ce, "Malam, yau layin nan wani iri. Mata uku ne suka shigo, wannan aron turmi, wannan neman ashana, amma kowacce idonta a kan kaskona. Ɗaya har tana tambayata wai naman na fari ne ko na baƙi."

Na ce, "Ƙyale su, ƙamshi ne ya kira su." Na ɗauki tsoka biyu na jefa a baki, na yi alwala na tafi La'asar ina suɗe yatsu, da maiƙo a leɓena.

Ana sallame salla Liman ya juyo ya ce, "Malam, a ɗan dakata mana."

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar masallaci. Magidanta kusan goma suka zauna, wasu matasa suka tsaya daga nesa. Aka aika aka kira Baba Bitrus, wani tsohon hedimasta mutumin Filato da ya fi shekara talatin a layin, wanda ba a yanke wata magana ba tare da shi ba. Ya zo da sandarsa ya zauna a kan benci. A gefen Liman kuma ga Alhaji Mudi, tsohon ma'aikacin gidan ruwa, mai gida na uku daga namu, mutum mai shiru-shiru. Ya sunkuyar da kai, waya a hannunsa.

Ni fa har zuwa lokacin ban sha jinin jikina ba. Gaskiya ma (Allah ya yafe mini) na zaci ko so suke in rubuta wa layin wata waƙa.

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, kai baƙonmu ne, mai iyali, kuma mai ilimi. Shi ya sa muka ce ba za a kai maganar nan ko'ina ba, a nan za mu kashe ta." Ya karɓi wayar Alhaji ya miƙo mini. "Wannan lambarka ce?"

Na duba, sai ga baitocina. Daɗi ya kama ni. Ashe malamin jami'ar nawa maƙwabcina ne! Na ce, "Tawa ce, Allah gafarta Malam."

"Kai ka rubuta wannan da hannunka?"

Na gyara zama, na ɗan sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, na ce, "Ni ne. Ai ba wani abu ba ne. Wannan na goma ke nan, saura biyu in gama."

Wurin ya ɗauki salati. Wani daga baya ya miƙe zumbur ya ce, "Na goma? Ashe tunkiyata ta bara ma..." Aka ja rigarsa ya zauna.

Sai Alhaji Mudi ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa. Ya ce a hankali, "Malam, da nama kake so, da ka tambaye ni. Wallahi da na ba ka. Ragon sunan jikana ne. Shekara tara ɗana da aure, sai yanzu Allah ya ba su. Wata shida ina kiwon ragon nan da hannuna, gata Asabar ne sunan."

Kun san yadda mutum yake ji in ya taka matakalar da babu ita? Haka na ji. Gumi ya karyo mini tun daga ƙarƙashin hula.

Na ce, "Alhaji, dama rago ne na gaske?"

Wani ya ce, "A'a, na roba ne."

Na fara rantse-rantse, harshena yana sarƙewa. Na ce, "Wallahi tallahi ba ni na yanka ba. Tanko ne."

Liman ya ce, "Wane Tankon?"

"Tela ne."

Nan take matasan nan suka fara kallon juna. Wani ya ce, "Tanko tela na bakin titi? Mai ɗinkin kaftani?" Biyu har sun juya za su tafi kamo shi. (Sai ranar na san akwai wani bawan Allah mai wannan suna da wannan sana'a, yana can yana taka kekensa bai san hawa ba bai san sauka ba.)

Na daka ihu, "A'a! Ba ruwan wannan! Nawa Tankon daban ne!"

Liman ya ce, "To naka yana ina?"

Na ce, "Yana ƙarƙashin ƙasa."

Liman ya ce, "Inna lillahi. Rasuwa ya yi?"

A nan ne na ji da ma ƙasar ta tsage in bi Tankon.

Baba Bitrus ya miƙo hannu ya ce a ba shi wayar. Ya ciro tabarau daga aljihu ya maƙala, ya karanta a hankali leɓensa yana motsi. Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ni ma nake yi wa ɗalibai.

Ya ce, "Ɗana, wannan yanki ne. Ina sauran?"

Na ce yana cikin wayata.

"Tashi tsaye ka karanta mana. Daga farko. Da ƙarfi, kunnena ba ya ji sosai."

Shekara biyu ina mafarkin ranar da zan tsaya gaban jama'a in karanta waƙata. Ban taɓa zaton a matsayin wanda ake tuhuma zan yi ba. Na miƙe, na fara da wata 'yar siririyar murya da ban san ina da ita ba. Na karanta yadda ake shanya inuwa a kan igiya. Na karanta dodo mai ido a tafin hannu, wanda in zai kalle ka sai ya ɗaga hannu kamar mai gaisuwa. Wani dattijo ya ce, "A'uzu billahi." Na karanta yadda Tanko ya zura ƙaho a ramin makulli, ƙofar ƙarfe ta yi atishawa ta buɗe.

Ina kaiwa atishawar nan na ga kafaɗun Baba Bitrus suna rawa. Ya cire tabarau yana share ido. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, na ga ɓarayi iri-iri, na biro, na kaji, na kekuna. Ban taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya daidaita ƙarshen layi ba. Wannan ba ɓarawo ba ne. Mawaƙi ne. Ban dai san wanne ya fi sauƙin magani ba."

Dariya ta ɓarke. Har Liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Na yi bayanin sanarwar da na bayar, da mako biyun da na yi ina jira, da naman Unguwa Uku. Na ce a zo a duba ƙarƙashin gadona. Liman ya ce ba a shiga ɗakin matar aure. (Na gode wa Allah, don abin da ke ƙarƙashin gadon takardun gwajin wata biyu ne da ban duba ba, kuma Baba Bitrus yana wurin.)

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Alhaji Mudi ya ce, "Malam, ban tura maka da saƙon murya ba?"

Na ce ya turo.

"Ka saurara?"

Na ce a'a. Ya ce in kunna. Na kunna a gaban kowa, muryarsa ta fito tana rawa: "Malam, sunana Mudi, maƙwabcinka ne, gida mai koren ƙyaure. Na samu lambarka a takardar kwata. Don Allah cigiya nake, in ka ga ragon nan a hanyarka ta makaranta..."

Abin da na adana in saurara da shayi ke nan.

Da ya ƙare Alhaji ya ce, "Na yarda waƙa ce. Amma tun ƙarfe goma na kira duk masu nema na ce su koma gida, an gan shi, yana hannun malamin makaranta. Awa shida ba wanda ya neme shi. Yanzu Allah kaɗai ya san inda ya kai."

Wannan ta fi duk dariyar ciwo. Tuhumar sata ta faɗi, amma wannan laifin nawa ne, ba Tankon da zan jingina wa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce ba zan zauna ba sai an ga ragon.

Na hau babur na zaga Gyaɗi-Gyaɗi lungu-lungu, na leƙa kangwaye, na gangara har Darmanawa ina tambayar masu shago da masu adaidaita. Har aka kira Magariba ba labari. Na koma gida jiki a sanyaye, na kasa ko kallon naman nan. Na rubuta cigiya ta gaskiya na saka a guruf ɗina: farin rago ya ɓata, don Allah duk wanda ya gani ya kira. Abokin nan nawa ya amsa, "Allah ƙara basira." Ƙanwata kuma ta rubuta, "Yaya, ba ɗazu ka yanka shi ba?" A cikin wannan hali ma sai da na ji ɗan daɗi, ashe dai tana karantawa.

Binta ta sha dariyarta har da hawaye, ta gama, sannan ta ce, "Malam, kai da kake koyar da labarin ƙasa. Ragon da aka turke wata shida ana ba shi harawa, in ya kwance ina zai nufa? Kango zai je ya ci bulo? Ka je wajen masu sayar da harawa."

Washegari Alhamis ana tashi daga makaranta na nufi wajen kasuwar Tarauni, inda masu harawa da dusa suke jibge kayansu. Na tambayi na farko, bai gani ba. Na biyu ya nuna mini wani dattijo mai kurar tura harawa a can ƙarshe. Na yi masa sallama na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Faɗi kamanninsa."

Wa ya fi ni sanin kamannin ragon nan a duk Kano? Na zayyano su tiryan-tiryan, saura kaɗan in sa musu kari. Dattijon ya ɗaga wani buhu da ya yi labule da shi, sai ga mutumin a ɗaure a jikin kura, fari tas, kunne ɗaya baƙi, yana tuƙar harawa hankali kwance kamar ba shi ya tayar da unguwa ba. Tun asubar jiya ya biyo kurar daga bakin titi yana fizgar ganye, dattijon ya kore shi ya ƙi, sai ya ɗaure shi yana jiran mai cigiya.

Ban san lokacin da na rungumi rago ba. Ya tunkuɗe ni da ƙahonsa mai lafiya, ban ji haushi ba.

Na kira Alhaji Mudi nan take. Na ce, "Alhaji, na gan shi. Da idona. Da ransa. Yana numfashi, yana cin harawa. Wallahi ba waƙa ba ce."

Ya ce, "Akwai wani mutum kusa da kai?"

Na ce akwai.

"Ba shi wayar."

Sai da mai harawa ya tabbatar masa sannan na ji hamdalarsa tana fitowa ta cikin wayar. Ban ga laifinsa ba. Ya zo da ɗansa a adaidaita, aka yi wa dattijon godiya da alheri, aka cusa rago a baya, ni kuma na bi su a babur kamar ɗan rakiyar amarya. Muna shiga layi na ji numfashina ya dawo daidai, karo na farko tun La'asar ɗin jiya.

Ranar Asabar da safe na so in ɓuya, amma Alhaji ya aiko takanas a kira ni. Aka raɗa wa yaro suna, aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Ina ta sunne kai a ƙarshen tabarma sai na ji Alhaji yana cewa, "Malam, matso nan. Wai shi mutumin naka ƙofa nawa ta rage masa?"

Na ce biyu.

Ya ce, "To ka sa masa famfo. Na yi shekaru ina aikin ruwa, kullum ina tunanin famfon da in an murɗa, ba ruwa zai zubo ba, sai maganganun da mutane suka haɗiye ba su faɗa ba."

Na buɗe baki ina kallonsa. Ashe ban yi kuskure duka ba, mutumin ya san adabi.

Baba Bitrus ya ce a garinsu akwai wani dutse da tsofaffi suke cewa yana matsowa in ka juya masa baya, in ina so in ɗauka. Liman ya ce shi ba ruwansa da dodanni, amma lallai Tanko ya koma ya nemi gafarar mai ragon kafin ya fita daga birnin, don sata sata ce ko a ƙarƙashin ƙasa. Mai tunkiyar bara ma ya matso ya ba da tasa. Kafin a kawo waina na cika bayan katin gayyata da rubutu. Abin da na yi mako biyu ina roƙo a waya, ga shi a kan tabarma ɗaya, gida uku daga nawa.

Cikin wata guda na gama. Dutsen Baba Bitrus ya tsare ƙofa ta goma sha ɗaya, famfon Alhaji ya buɗe ta ƙarshe, Tanko ya nemi gafara ya koma shagonsa. Na buga a takarda na kai wa kowannensu, na kuma kai wa Tanko tela na bakin titi kwafi ɗaya da yadin kaftani ya ɗinka mini, ban dai gaya masa dalili ba.

Har yau in na wuce ƙofar masallaci akwai mai cewa, "A ɗaure dabbobi, ga Malam nan." Nakan ɗaga hannu in wuce, don na ci wannan.

Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. Mai jiran a yabe shi, ko cigiya aka yi a gabansa kirari zai ji. Sannan yanzu na fara wasu sababbin waƙoƙi, a kan wata mata mai sayar da iska a kwalba, kuma akwai kashe-kashe da sace-sace a ciki ba kaɗan ba. Amma duk ta'asar da za a tafka, "ta yi" nake rubutawa. "Na yi" kam, na bar wa masu ƙarfin hali.